Darasin Kasuwanci: Masana'antar Iyali Da Ta Shekara 60 Tana Ƙera Kayan Jirgin Sama Na Wasa

A garin Wauconda da ke jihar Ilinois ta ƙasar Amurka, arewa maso yamma da birnin Shikago, akwai wata ƙaramar masana'anta mai suna Du-Bro Products, wadda wani mutum da ake kira Dewey Broberg ya kafa a shekarar 1959. Daga sunansa ne ma aka ciro sunan kamfanin. Abin da aka san ta da shi shi ne ƙera ƙananan kayayyakin da ake haɗa jiragen sama na wasa da su, watau irin jiragen nan da mutum kan tsaya a ƙasa yana sarrafa su da na'urar rediyo. Kayan sun haɗa da tayoyi, da tankunan mai, da tiyo, da ƙugiyoyi, da noti da sukurori, waɗanda wasunsu ba su wuce girman ƙwayar gyaɗa ba. Yau fiye da shekara 60 ke nan kamfanin yana aiki, kuma har yanzu yana hannun iyalin wanda ya kafa shi, alhali kuwa manyan kamfanonin da suka ninka shi jari a wannan kasuwa sun durƙushe a kan idonsa.

Mai karatu zai iya tambaya, ina ruwan ɗan kasuwa da kayan wasa? Amsar ita ce, ƙa'idojin da suka riƙe wannan masana'anta su ne ke riƙe ko karya kowace sana'ar iyali, ko ta mai sayar da kayan gyaran mota ce, ko ta maƙeri, ko ta baduku. Saboda haka za mu duba yadda kasuwar take, da inda ribar take fitowa, da irin girgizar da ta same ta, sa'annan mu tsamo darussa.

Yadda kasuwar take

Ƙera ƙananan jiragen sama da tuƙa su tsohuwar sana'ar sha'awa ce a Amurka da Turai da Japan, kuma akasarin masu yin ta manya ne masu abin hannunsu. An kafa ƙungiyar masu wannan sha'awa ta Amurka, wadda ake kira AMA a taƙaice, a shekarar 1936, kuma hedkwatarta tana garin Muncie a jihar Indiyana. Tana da membobi sama da 100,000 da kulob-kulob fiye da 2,000. A ƙarshen shekarun 1930 wasu tagwaye, Walter Good da William Good, suka yi suna wajen tayar da jirgin da ake sarrafawa da rediyo. Bayan yaƙin duniya na biyu, sai kayan lantarki suka yi ta ƙanƙancewa suna sauƙin kuɗi, har abin ya zama kasuwa mai zaman kanta.

Idan aka kwatanta yawan membobin nan da al'ummar Amurka, wadda ta haura mutum miliyan 330, za a ga cewa kasuwar ƙarama ce ƙwarai. Sai dai tana da halaye uku da masana tattalin arziki ke so. Na farko, masu saye sun san kaya, ba a yi musu rufa-ido. Na biyu, sukan daɗe cikin harkar, wasu tun suna samari har tsufa. Na uku, kuma mafi muhimmanci, jirgin wasa yakan faɗi. Duk wanda ya tuƙa shi ya san wata rana zai karye, a sake gini ko a yi gyara, kuma kowane gyara yana bukatar sababbin ƙananan kaya.

Domin a gane matsayin waɗannan kaya, ya kamata a san yadda jirgin yake aiki. Matuƙi yana riƙe da na'urar aika saƙo a hannunsa. A cikin jirgin akwai na'urar karɓar saƙo, wadda ke ba da umarni ga wasu ƙananan injuna da ake kira sarbo. Kowane sarbo yana tura ko ja wata siririyar sanda, ita kuma sandar tana maƙale da ɓangaren fiffike ko na jela mai motsi, ta hanyar wata 'yar ƙugiya ta ƙarfe ko ta roba. Wannan motsi ne ke sa jirgi ya hau, ya sauka, ko ya karya kwana. In ƙugiyar nan ta ɓalle a sama, to, matuƙi ba shi da sauran iko, sai dai ya tsaya ya kalli dukiyarsa tana faɗowa.

Darasi na farko: sayar da abin da kowa ke bukata

A cikin wannan kasuwa akwai masu ƙera jikin jirgi, akwai masu ƙera inji, kamar kamfanin O.S. na ƙasar Japan da aka kafa a 1936, akwai kuma masu ƙera na'urar rediyo kamar Futaba. Kowannensu yana fama da abokan hamayya, kuma kowace shekara sai ya fito da sabon samfuri in yana son a ci gaba da jin sunansa. Shi kuwa mai ƙera taya da ƙugiya ba ruwansa da wanda ya yi nasara a cikinsu. Ko wane jirgi aka saya, ko wane inji aka ɗora masa, sai an nemi taya, sai an nemi tanki.

Misalinsa kamar mai sayar da sirdi da linzami da likkafa ne a kasuwar dawaki. Dillalai na can suna jayayya a kan wane doki ya fi wani, shi kuwa duk wanda ya sayi doki, kili ko akawal, a rumfarsa zai ƙare. Masana tattalin arziki suna kiran irin wannan haja kaya masu tafiya tare, watau waɗanda bukatarsu ke bin bukatar wani babban abu. Alfanunta shi ne ƙarancin haɗarin yayi. Illarta kuma ita ce, in babban abin ya daina tafiya, kai ma ka tsaya, kamar yadda za mu gani a gaba.

Darasi na biyu: ƙaramin kuɗi, babban haɗari

A nan ne asirin ribar yake. Bari mu yi lissafi na misali kawai. A ɗauka mutum ya kashe dala 500 da watanni uku wajen gina jirginsa. Ya je kanti ya tarar da ƙugiya iri biyu: ɗaya ta kamfanin da ya sani a kan dala 2, ɗaya kuma marar suna a kan dala 1. Idan ya ɗauki mai arha ya yi rarar dala 1, watau kashi ɗaya cikin 500 na kuɗin jirgin. Idan kuwa ta ɓalle, ya yi asarar dala 500 da wahalar wata uku. Babu mai hankalin da zai yi wannan caca.

Abin da wannan ke nufi shi ne, farashi ba ya cikin abubuwan da suka fi damun mai saye a irin wannan haja. Amana ce yake saye. Saboda haka mai ƙera kayan zai iya ɗora riba mai kauri a kan kowane ƙulli, muddin kayansa ba su taɓa ba da kunya ba. Amma fa wannan dama tana da sharaɗi: ranar da aka fara jin cewa ƙugiyar wane ta karya jirgi, labari zai zaga kulob-kulob cikin mako guda, kuma sunan da aka shekara 30 ana ginawa zai iya zubewa a kaka ɗaya.

Ingancin kuwa yana fitowa ne daga sanin sana'a ciki da bai. Alal misali, man da ƙananan injunan gargajiya ke sha haɗi ne na metanol da naitirometen da man shafawa, wanda a da galibi man zurma ne. Tiyon silikon yana jure wannan mai, amma in aka zuba masa fetur sai ya kumbura ya lalace, don haka dole a tanadi tiyo dabam ga injuna masu shan fetur. Haka kuma jirgi yakan juya ciki sama a lokacin wasa, mai ya koma rufin tanki. Maganin da aka yi wa wannan shi ne a maƙala ɗan ƙarfe mai nauyi a bakin tiyon da ke cikin tankin, ta yadda duk inda mai ya gangara tiyon zai bi shi. Irin waɗannan ƙananan dabaru ba a samun su a ofis, sai a filin tashi, wurin da ake jin koke-koken masu saye.

Darasi na uku: mazubi ɗaya, shekaru da yawa

Yawancin waɗannan kaya na roba ne da ake narkawa a ɗura cikin mazubin ƙarfe, ko kuma ƙarfe da ake yankawa da inji. Kuɗin mazubi yana da yawa, amma sau ɗaya ake biya. A sake ɗaukar misali: in mazubi ya ci dala 10,000 aka buga kaya 10,000 kacal da shi, kowane ɗaya ya ɗauki nauyin dala 1. In kuwa aka buga 500,000 cikin shekara 20, nauyin ya koma santi 2 a kan kowane ɗaya. Abin da ya rage sai kuɗin roba da lantarki da ma'aikata.

To, sa'ar da mai wannan sana'a ya yi ita ce, kayan ba sa tsufa da wuri. Ma'aunin zaren sukurori da Amurkawa ke amfani da shi a jiragen wasa, irin su 2-56 da 4-40, bai sauya ba tun shekaru aru-aru. Ƙugiyar da aka zana a shekarun 1970 tana shiga sandar da aka ƙera bana. Sabon kamfani da ke son shiga kasuwar dole ya biya kuɗin mazubai masu yawa a lokaci ɗaya, domin ya yi takara a kasuwar da ba ta da faɗi. Wannan shi ne katangar da ke kare tsohon kamfani: kasuwar ta yi wa manya ƙanƙanta, ta kuma yi wa sababbi tsada.

Du-Bro yana da kaya iri-iri fiye da 1,000 a kundinsa. Mai kanti ya fi son ya yi oda ɗaya ya cika bango guda da ƙananan ledoji masu lamba, maimakon ya yi ta bin kamfanoni goma. Ko da ribar kowace leda ba ta taka kara ta karya ba, taruwarsu ce ke cika asusu. Wani masanin kasuwanci Bajamushe, Hermann Simon, ya yi nazari a kan irin waɗannan kamfanoni a shekarun 1990, inda ya nuna cewa da yawa daga cikin masana'antun da suka fi ƙarko a Jamus ba a san sunansu a titi ba, domin sun zaɓi ɗan lungu guda na kasuwa sun mallake shi, kuma akasarinsu na iyali ne.

Darasi na huɗu: faɗaɗa kasuwa ba tare da barin sana'a ba

A farkon shekarun 1970 Du-Bro ya fito da jirgi mai saukar ungulu na wasa mai suna Whirlybird 505, wanda yana cikin na farko-farko da aka sayar a kasuwa. Ya bi shi da wasu samfura, amma daga baya fagen ya koma hannun kamfanonin Jamus da Japan, shi kuwa ya tsaya a kan ƙananan kayan da ya fi ƙwarewa a kai. Wannan ma darasi ne: zama na farko a fage ba ya tabbatar da zama a cikinsa, kuma janyewa da wuri ta fi nacin da zai cinye jari.

Inda kamfanin ya faɗaɗa ya zauna shi ne kayan kamun kifi, da kuma kayan harbin baka a ƙarƙashin sunan Pine Ridge Archery, ban da kayan motoci da jiragen ruwa na wasa. A ido, babu abin da ya haɗa mai kamun kifi da matuƙin jirgin wasa. A cikin masana'anta kuwa abu ɗaya ne: ƙananan kayan roba da na ƙarfe, injuna ɗaya, ma'aikata ɗaya, ana ƙullawa a leda a kai kantunan masu sha'awa. An ƙara kasuwa ba tare da an sayi sabuwar sana'a ba. Ɗan kasuwar da ya ga riba ta shigo ya zuba ta a harkar da bai san kanta ba, ya dubi wannan bambanci da kyau.

Girgizar da ta sami kasuwar

Hausawa sun ce in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Daga shekarun 1990 zuwa yau kiɗan wannan kasuwa ya sauya aƙalla sau huɗu.

Na farko, jiragen da aka riga aka haɗa a masana'antun Asiya, musamman Sin da Biyetnam, sun mamaye kantuna. Suna zuwa da tayoyinsu da ƙugiyoyinsu a cikin kwali, don haka masu gini daga katako suka ragu. Abin da ya rage wa mai ƙera kaya masu inganci shi ne masu gyara, da waɗanda ba su yarda da kayan cikin kwali ba suke musanya su.

Na biyu, a shekarun 2000 batir mai litiyam da injin lantarki marar nauyi suka ƙwace babban kaso daga injin mai. Jirgin lantarki ba ya bukatar tanki, ko tiyo, ko famfon ɗura mai, ko na'urar kunna fulogi. Sashe guda na kundin kaya ya rasa masu saye da yawa, aka koma ƙera tayoyi da ƙugiyoyi marasa nauyi domin ƙananan jiragen soso. A tsakiyar shekarun ne kuma rediyo mai zangon gigahaz 2.4 ya maye gurbin tsohon tsari, wanda a cikinsa mutum biyu ba sa iya tashi a kan zango ɗaya.

Na uku, ciniki ta intanet ya rufe kantunan unguwa masu yawa, ya kuma raunana manyan dillalai. Kamfanin Graupner na Jamus, wanda Johannes Graupner ya kafa a 1930 kuma iyalinsa suka riƙe shekaru da dama, ya karye a ƙarshen 2012, wani kamfanin Koriya ta Kudu ya karɓi sunansa a 2013. Robbe, shi ma na Jamus, ya bi sahu a 2015. A watan Janairun 2018 Hobbico, ɗaya daga cikin manyan dillalan kayan a Amurka, ya nemi kariyar kotu saboda bashi, abokin hamayyarsa Horizon Hobby ya sayi sashen kayan rediyonsa a kan dala miliyan 18.8. Ga ƙaramin mai masana'anta, faɗuwar dillali masifa biyu ce: kuɗin kayan da ya bayar bashi ya maƙale, hanyar kai kaya kuma ta toshe. Wanda ya riga ya buɗe wasu hanyoyi, har da sayarwa kai tsaye ga mai amfani, shi ne ya sha da sauƙi.

Na huɗu, doka. Yawaitar jirage marasa matuƙi ta sa hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka ta wajabta rajista tun Disambar 2015 ga masu tayar da abin da ya wuce giram 250. A 2021 aka fara gwajin sanin ƙa'ida ga masu yi don nishaɗi, daga 2023 kuma aka bukaci jirgi ya riƙa watsa shaidarsa yana sama, sai dai in a filin da hukuma ta amince da shi ne. Kowace sabuwar ƙa'ida ƙarin shinge ce ga yaron da ke son shiga harkar, alhali sababbin shiga su ne masu sayen gobe.

Ko kayan aiki ma bai tsira ba. Katakon balsa marar nauyi, wanda akasarinsa daga ƙasar Ekwado yake fitowa, ya yi tsada ƙwarai a 2019 da 2020, saboda masu ƙera fukafukan injin samar da lantarki daga iska, musamman a Sin, sun yi ta wawarsa. Ƙaramar kasuwa ba ta da bakin ja da babbar masana'anta in sun haɗu a kan kaya ɗaya.

Batun gado

Babbar jarrabawar sana'ar iyali ba a kasuwa take ba, a cikin gida take. A 1987 wani malami mai suna John Ward ya wallafa nazarin da ya yi a kan masana'antu 200 na jihar Ilinois, watau jihar da Du-Bro yake, daga 1924 zuwa 1984. Ya gano cewa kashi 13 cikin 100 ne kawai suka kai zuriya ta uku a hannun iyali ɗaya. Ba duk sauran ne suka karye ba, wasu sayar da su aka yi, amma adadin ya nuna wuyar al'amarin.

Wani misali daga cikin wannan kasuwa shi ne kamfanin Sig, wanda Glen Sigafoose da matarsa Hazel suka fara a garin Montezuma a jihar Ayowa a 1951 da sayar da katakon balsa. Lokacin da mijin ya rasu a haɗarin jirgin sama a 1980, kamfanin bai rufe ba, domin matar ta san aikin tun daga tushe, ta ci gaba da jan ragamarsa. Da a ce ilmin sana'ar yana kan mutum ɗaya ne, da an binne shi tare da shi.

Ƙarfin kamfanin iyali shi ne haƙuri. Ba shi da masu hannun jari na waje da ke neman riba kowane wata uku, don haka zai iya jiran mazubi ya biya kansa cikin shekara goma. Rauninsa kuma shi ne ƙarancin jari, da cusa dangi a muƙamin da ba su cancanta ba, da rikicin magada. Masana'anta ba ta rabuwa kamar garken shanu. In aka ba wannan inji, aka ba wancan mazubi, kowa ya tashi da ƙarfen da ba ya aiki. Hanyar da ta fi dacewa ita ce a yi wa sana'a rajista a matsayin kamfani, magada su raba hannun jari, kayan aiki kuwa su zauna wuri ɗaya a ƙarƙashin wanda ya fi iyawa.

Abin da ɗan kasuwa zai riƙe

Na ɗaya, kafin ka shiga takara da manya a kan babbar haja, duba ƙananan abubuwan da hajar ba ta aiki sai da su.

Na biyu, nemi kayan da kuɗinsu kaɗan ne amma lalacewarsu na jawo babbar asara, domin a nan ne ake biyan amana da tsada. Kada ka rage inganci don rarar kwabo.

Na uku, lissafa kuɗin kayan aiki a kan tsawon shekarun da za su yi, ka kuma zaɓi hajar da ba ta bin yayi.

Na huɗu, in za ka faɗaɗa, bi inda injinka da ƙwarewarka za su yi aiki.

Na biyar, kada kaso mafi yawa na cinikinka ya rataya a wuyan dillali ɗaya, kuma ka sa wa bashin da kake ba shi iyaka.

Na shida, raba asusun gida da na kamfani, ka rubuta sirrin sana'a, ka koyar da magaji tun kana da ƙarfi.

Ga aikin gida ga mai karatu: ɗauki takarda ka rubuta kaya biyar da suka fi kawo maka riba, da sunan mutum uku da suka fi saye a wurinka, da kuma wanda zai buɗe shago gobe in ciwo ya kwantar da kai wata shida. In amsar tambaya ta ƙarshe ta gagara, to, daga nan ya kamata gyara ya fara.